Makaɗan Jita na Agadas

A Kano idan aka ambaci Agadas, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne raƙuma da gishirin Bilma da dogayen mutane masu amawali. Malamai kan tuna cewa can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, neman karatu. Marinan Kura kuwa sun san garin ta fuskar ciniki, domin baƙin rawanin nan mai ƙyalli da suke rinawa su buga, a kan Abzinawa yake ƙarewa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, a Turai da Amurka yau sunan Agadas ya fi tafiya tare da jita mai lantarki. Mai bibiyar kiɗan rok a Landan ya san Bombino, ya san Mdou Moctar, alhali mu da muke maƙwabta sai ka zaga unguwa guda ba ka sami wanda ya taɓa jin sunansu ba. Wannan ne ya ɗaga ni zuwa can, tun kafin juyin mulkin 2023 ya dagula harkar iyaka.

Na bi ta Daura, na ƙetara a Kwangwalam, na kwana a Damagaram. Daga nan hanya ta miƙe arewa sak, kimanin kilomita 450, ta Tanut da Adarbisanat. Gonakin gero suna raguwa har su ƙare, a bar ka da ƙaya da tumfafiya da garken raƙuma. Direbanmu tun daga tasha ya cusa memori a rediyon mota, kuma har muka isa bai sa komai ba sai jita. Da farko duk iri ɗaya na ji su. Kafin mu wuce Tanut kunnena ya soma rarrabe mai sanyin hannu da mai zafin hannu.

Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ke tarbar baƙo. Ginin ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, da itatuwa sun leƙo daga jikinta ta kowane gefe, waɗanda magina ke takawa lokacin yaɓe. An kafa masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar Sarkin Abzin tana nan kusa da shi. Magana ba ta ba ni wahala ba, don Hausa ce harshen kasuwa da na titi, sai in an shiga gida ka ji an koma Tamashek.

Mai masaukina dattijo ne mai sayar da rawuna, wanda ya daɗe yana zuwa Kano sari. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Ɗana, ba sai ka nemi kowa ba. Bari la'asar ta yi sanyi ka fita ƙofar gida ka kasa kunne. Inda ka ji janareta da guɗa, nufi can."

Na ce, "Baba, ai ba a gayyace ni ba."

Ya ce, "Wa ake gayyata wajen jita?"

Haka kuwa aka yi. A wata unguwa can bayan gari, inda gidajen laka suka fara tazara da juna, na tarar an shimfiɗa darduma a tsakiyar fili. An kai janareta nesa, an jawo doguwar waya don kada ƙararsa ta danne kiɗan. Lasifika biyu suna kan kujerun ƙarfe. Mata sun zauna gefe guda cikin lafaya masu launi iri-iri, maza sun tsaya ɗaya gefen, samari a kan baburansu sun yi wa wurin zobe, yara kuma sun cika gaba har suna taɓa ƙafafun makaɗa. Makaɗan su huɗu ne: mai jitar gaba wanda shi ne kuma ke waƙa, mai jita ta biyu da ke riƙe masa zaren kiɗan, mai jitar nan mai kaurin murya, sai mai ganguna a zaune bayan tarkacensa na zamani da ƙura ta riga ta rine. Dukkansu cikin manyan riguna na shadda, da rawani a naɗe har hanci.

Kiɗan yakan tashi a hankali. Mai jita ta biyu ya kama wata 'yar gajeruwar jimla ya yi ta maimaita ta, ba ya gaba ba ya baya. Mata su ɗauka da tafi. Mai waƙa ya ba da baiti, sauran su amsa. Kana cikin sauraro ba za ka san lokacin da mai ganguna ya ƙara wuta ba, sai dai ka ga masu rawa, da ke fitowa bibbiyu suna ware hannuwa, sun fara tayar da ƙura. A nan ne mai jitar gaba ke daina waƙa, ya matso gaban lasifika, ya saki yatsunsa. Sautin yana fita a tsage, don lasifikar ta yi wa abin da ake nema daga gare ta kaɗan, kuma wannan tsagewar da injiniyan sauti zai kira aibi ita ce daɗin abin a kunnen mutanen wurin. Waƙa ɗaya takan kai minti goma ko fiye. Tana ƙarewa guɗa ta ɓarke, dangin ango su fito su yi liƙi, a soke wa makaɗi takardar sefa a naɗin rawaninsa.

Abubuwa biyu suka fi tsaya mini a wannan yammacin. Ana cikin tsakiyar waƙa tsirkiya ɗaya ta mai jitar gaba ta tsinke. Bai tsaya ba, bai ma dubi jitar ba. Ya ƙarasa waƙar da sauran biyar ɗin, sannan wani yaro ya karɓa ya tsuguna yana ɗaurawa, shi kuwa ya ari ta abokinsa aka ci gaba. Na biyu, da aka kira magariba mai ganguna ya ajiye sandunansa, aka kashe janareta, aka jingine jitoci a bango, makaɗan suka yi alwala da buta ɗaya suka shiga sahu tare da kowa. Bayan isha aka dawo, aka kai har dare ya raba.

Wanda ya san kiɗan Abzinawa na gargajiya zai gane daga ina wannan ya fito. Akwai tende, gangar mata da ake yi da turmin daka a rufe bakinsa da fatar akuya, ana kaɗawa ana tafi ana amshi. Akwai takamba, kiɗan molo da ƙwarya wanda ya yaɗu daga yankin Gawo. Tafin da amshin da wannan zagayen da ba ya gajiya duk daga can suke. Jitar kuwa ta shigo ne ta hanyar wahala. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1984, ya kashe dabbobi ya watsa samarin Abzinawa zuwa Tamanrasat da garuruwan Libiya neman abin yi. A can, cikin zaman kewa da rashin takardu, suka ɗauki jita. Ƙungiyar Tinariwen ta su Ibrahim Ag Alhabib, 'yan arewacin Mali, ita ta buɗe hanya, kuma ita ce ta ci lambar Grammy a 2012 da kundinta Tassili. A ɓangaren Nijar, uban tafiyar shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda kasakasansa suka riƙa yawo a ɓoye daga hannu zuwa hannu lokacin tawayen shekarun 1990, lokacin da kama mutum da irin wannan kaset kan iya jawo masa ɗauri. Bayan sulhun 1995 ya dawo gida ya buɗe wuraren koyar da kiɗa a Arlit da Agadas. Ya rasu a 2020, kuma duk makaɗin da na zanta da shi sai da ya ambace shi da girmamawa.

Bombino, wato Omara Moctar, ɗan wannan zamanin ne. An haife shi a 1980, yana yaro iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Aljeriya, can ya fara taɓa jita. Da tawaye ya sake tashi a 2007, hukumomi suka ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye suka hana ta, aka kashe biyu daga abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. A Janairun 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin hasumiyar nan da izinin Sarki, gari ya fito. Na je na tsaya a filin ina ƙiyasta yadda aka yi mutanen da suka sha wannan baƙin ciki suka taru suna rawa. Daga nan ƙofa ta buɗe masa: a 2013 ya fitar da kundinsa Nomad da ya naɗa a Nashville tare da Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys, a 2018 ya fitar da Deran da ya naɗa a Kasablanka, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu neman Grammy.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Mdou Moctar, domin akwai hannun ƙasar Hausa a ciki. Sunansa Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaraden ne a jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, irin gidajen da kowannenmu ya sani. Ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, abin ya shiga ransa, ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, da wannan ya koya. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. A 2008 ya gangaro Sakkwato ya shiga sutudiyo irin wanda mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da shi, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya, ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Ba kamfanin da ya sayar masa da shi. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, a tashoshin mota da wuraren cajin waya, har suka kai Mali da Muritaniya ba tare da yawancin masu sauraro sun san mai su ba. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya tsinci ɗaya daga ciki ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutanen Sahara, sannan ya bi sawu har ya gano mawaƙin, ya kuma kawo masa jita irin ta bahagwai. Mu da muke raina waɗannan ƙananan sutudiyoyi namu na cikin lungu, ya kamata mu san cewa daga ɗaya daga cikinsu aka fara jin muryar mutumin da jaridun kiɗa na duniya ke lissafawa yau cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Abin da ya biyo baya aiki ne tuƙuru. A 2013 aka fitar da kundinsa Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden, a fili, cikin jama'a. A 2015 ya fito a wani fim da Kirkley ya ɗauka a nan Agadas, wanda ya bi tsarin Purple Rain na Prince, labarin saurayi mai jita da babur da uba mai hana shi da abokan hamayya masu satar waƙa. Mutanen garin sun ce hamayyar da aka nuna a fim ɗin ba ƙari a ciki. Sannan ƙungiyarsa ta daidaita: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a jita mai kaurin murya, wanda kuma shi ke kula da naɗar sautinsu. Shi wannan Coltun, don a yi atisaye tare, sai ya hau jirgi daga New York zuwa Yamai, ya sake hawa motar haya ta Tawa zuwa Agadas, fiye da kilomita 900 a kan hanyar da ta lalace, ya zo ya tsaya a gidajen biki yana kaɗawa tare da su. A 2019 aka fitar da Ilana, wanda aka naɗa a Detroit. Afrique Victime, da kamfanin Matador ya fitar a 2021, an haɗa shi ne guntu-guntu a kan hanya: wani a sutudiyo, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandamali kafin a kira su, wani a fili a Nijar. Funeral for Justice na 2024 kuwa cikin kwana biyar aka naɗe shi a wani gida a jihar New York, kuma a cikinsa Mdou bai ɓoye fushinsa ba kan yadda ake kwashe yuraniyom na Arlit ana haska wasu ƙasashe, ƙauyukan da ke kusa da ma'adinin suna cikin duhu.

Daga nesa mutum zai ɗauka rayuwar rangadi jin daɗi ce. Wani matashin mai ganguna da mai masaukina ya haɗa ni da shi, wanda ya taɓa bin wata ƙungiya zagayen Turai, ya warware mini ita muna shan shayi a zauren gidansu. Ya ce wahalar tana farawa tun kafin a bar gida: tafiya Yamai, jiran biza, kwana a gidan dangi ba ka san za a ba ka ko za a hana ka ba. In an samu an tafi, sai rayuwa ta koma mota. A yi wasa a wannan gari da dare, a kwashe kaya, a yi barcin awa kaɗan, da asuba a kama hanyar wani gari, a isa da rana a gwada sauti, a jira, a hau. Ya ce yakan nemi lungu a bayan dandamali, tsakanin akwatunan kaya, ya shimfiɗa rawaninsa ya yi salla. Abinci sai an yi ta tambaya ko akwai naman alade a ciki. Sanyi kuwa har yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Butar shayinsu da 'yan kofuna ba sa rabuwa da jakarsu.

Na ce, "To ƙanena, da wasan can da na nan wanne ya fi wuya?"

Ya ce, "Malam, na nan mana. Can awa ɗaya ake ba ka, an rubuta a takarda, kaya masu kyau, kowa ya yi shiru yana kallonka. Nan kuwa in mata ba su tashi rawa ba, gobe wani za a kira."

Wannan amsar ita ta fayyace mini abin da na gani a filin nan. Gidan biki shi ne makarantar, kuma makaranta ce mai tsanani. Yaro yakan fara ne kamar yaron gareji: ɗaukar lasifika, naɗe waya, sayo fetur na janareta. In ya daɗe a bar shi ya taɓa ganguna lokacin da manya ke cin abinci. Daga nan jita ta biyu, shekara da shekaru yana riƙe wa wani zare, kafin ranar da zai tsaya a gaba. A lokacin bukukuwa, musamman bayan Salla, ƙungiya takan yi wasa da yamma a wannan gida, da dare a wancan, wani lokaci a ɗaure kaya a bayan mota a shiga daji wajen bikin makiyaya. Wanda ya yi shekara goma yana wannan, yana sarrafa taron da ba ya jin kunyar juya masa baya, da kayan da yashi ya cinye, in ya hau dandamali a Amurka ba abin da zai ba shi tsoro. Turawa suna mamakin ƙarfin waɗannan makaɗa da yadda suke fahimtar juna ba tare da sun dubi juna ba. Da sun ga inda aka horar da su da mamakin ya ragu.

Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, ita ce shaida mafi kusa. 'Yan gida ɗaya ne, 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa, daga unguwar Abalane a gefen gari. Sun fara a 1995 da jita guda marar lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana dukanta da takalmi. Sun shafe fiye da shekara ashirin suna kiɗan bukukuwan talakawa kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018, na biyu mai suna Agadez ya biyo a 2022, suka fara zagaya Turai da Amurka. A kiɗansu ana jin ɗanɗanon Hausa da na Zabarma har da na Kwango, don Agadas mararraba ce, kowa ya ratsa ya bar wani abu. Mata ma sun shigo: Fatou Seidi Ghali, daga ƙauyen Illighadad, ta koya a ɓoye da jitar yayanta, ta kafa Les Filles de Illighadad, suka ɗora waƙoƙin tende na iyayensu mata a kan jita suka kai su har New York.

Kuma kuɗin da ake samowa ba ya tsayawa a aljihun mutum ɗaya. Garin da yawon buɗe ido ya mutu a cikinsa tun bayan tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, duk wanda ya fita ya dawo da wani abu akwai gidaje da yawa da ke jiransa. An san Mdou Moctar da haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ba su da ruwa. Mai gangunan nan ya nuna mini wata lasifika da ya sayo da kuɗin tafiyarsa, wadda yanzu ƙungiyoyi uku na unguwarsu ke karɓa aro, da ƙunshin tsirkiyoyi da yake rabawa ɗaya-ɗaya, don a Agadas samun sabuwar tsirkiya ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai aka rufe iyakoki da sararin sama, Mdou da Ahmoudou da Souleymane suna tsakiyar rangadi a Amurka. Wasanni suka ƙare, hanyar gida a rufe, iyalansu suna can. Masoyansu suka haɗa musu gudummawa ta intanet don su sami wurin zama. Su kuwa suka shiga wani sutudiyo a Brooklyn, suka zauna da jitoci marasa lantarki, suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice cikin sanyin murya, irin yadda ake kaɗawa a gida in an kewaye wutar shayi. Wannan naɗin shi ne ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice. Da hanya ta buɗe suka koma Nijar, kafin shekara ta zagayo kuma sun sake ɗaure kaya sun fita wani zagayen.